Hunturun da Kawu Elof Ya Hana Kifayensa Sha

Kawuna Elof bai taɓa kurɓar barasa ba tun da aka haife shi, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya tsaya a zauren Ƙungiyar Masu Ƙin Barasa ta ƙauyenmu, ya ɗaga hannu ya ɗauki alkawari. A hunturun shekarar ne aka tsinci mahaifinsa, wato kakana, a daskare a gefen hanya, da kwalba a aljihun kwat. Wannan ba abin dariya ba ne, ko ni da bakina ba shi da linzami ban taɓa wasa da shi ba. Abin da ya biyo baya ne dai ya zo da gishirinsa.

Kawu ya yi aiki a injin yanka katako har ƙarfi ya ƙare, suka ba shi agogo suka sallame shi. Ya auri Inna Majken, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya zama shugaban ƙungiya, ya zauna a kujerar har katakonta ya lotsa daidai mazauninsa. In likita ya rubuta masa maganin tari, sai ya sa tabarau ya karance jikin kwalbar tas ko akwai barasa a ciki, kafin ya yarda a buɗe. Cakulan Kirsimeti ma ba ya tsira, sai ya tsaga shi da wuƙar aljihu ya shinshina ko an ɓoye barasa a cikinsa, mu kuwa muna zaune kamar masu jiran hukunci.

Bayan gidansa akwai kududdufi. Ba wani babba ba ne, motoci biyu in aka jera sun rufe shi, zurfinsa kuwa ya kai ƙirjin dogon mutum. Da shebur ya haƙa shi shekarar da ya yi aure. Kifayen ciki ruda ne, ƙananan nan masu ruwan tagulla da ba su wuce tafin hannu ba, irin waɗanda kakanninmu na nan yankin Småland ke ajiyewa a bayan gona saboda shekarar da dankali ya ƙi. Nasa daga gonar kakansa ya ɗebo su a bokitin madara, ana gobe za a cike tafkin gonar. Waɗanda suka sayi wurin sun rushe gidan da garken shanu, suka dasa itatuwan katako a kan komai, har inda murhu yake. Yau in ka je, ko dutsen bakin ƙofa ba za ka gane ba. Daga wannan gona kaf kifayen nan kaɗai suka rage, su da jikokin jikokinsu. Kawu ba ya faɗin haka da bakinsa. Inna Majken ce ke faɗa in baƙo ya leƙa ruwan.

"Dangin mijina ke nan," take cewa. "Su kaɗai ne ba su taɓa cewa miyata ta yi gishiri ba."

Kiwon ruda ba ya son wahala, balle da hunturu. In ruwa ya fara sanyi da kaka, ka daina ba ta abinci, ka kwashe ganyen da ya zuba, ka koma ɗaki abinka. Ƙanƙara ta zo ta rufe kududdufi ruf, dusar ƙanƙara ta hau kai ta zauna, wata da watanni babu iska babu haske. Mutanen birni masu jajayen kifayen ado su ne ke fama da injuna da huda rami, suna kwana da fargaba. Ruda kuwa sai ta sauka ƙasa ta lafe a laka ta yi tsit. Ƙanƙara na narkewa za ka gan ta ta taso tana motsa baki, kamar jiya ta kwanta.

Wannan hali nata Kawu ya ɗauka ya mayar wa'azi, kuma wa'azin nan ɗaya ya yi ta yi tun ban san kaina ba.

"Ku dubi kifin nan," yake cewa, yatsa a sama. "Me yake sha? Ruwa. Ruwa zalla. Ya cinye hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara ya fito garau. Mutum kuwa, da hankalinsa da kwat ɗinsa, ya sha kwalba ɗaya ya kwana ɗaya a waje, sai a zo da makara."

Ya yi shi a makaranta, ya yi shi a zauren ƙungiya, ya yi shi ranar aurena tsakanin nama da kek. Ya sake yi ranar da aka yi wa 'yata baftisma, ita kaɗai ce ma ta yi ƙarfin halin fashewa da kuka. Inna Majken ta ɗinka hoton ruda da zaren zinariya a tsakiyar tutar ƙungiya. Ni Tage, ɗan ƙanwarsa, ni ke tuƙa motar share dusar ƙanƙara a yankinmu. Ba ɗan ƙungiya ba ne ni, amma ba na fashin taronsu saboda burodin kirfa na Inna Majken. Wa'azin nan ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi har da ɗaga yatsan.

Sai Folke. Shinge ɗaya ne tsakanin gidansa da na Kawu, benci ɗaya suka zauna a firamare. Ya yi rabin rayuwarsa a jirgin ruwa, yanzu yana zaune shi da wata ƙatuwar magensa. Duk ran Asabar yakan sha ɗan ƙaramin tambulan ɗaya bayan kifin gishiri da dankali, kuma ba ya shansa a ko'ina sai a tagar da ke kallon gidan Kawu. Tun suna yara suke tsiya. Ba su taɓa kwana da fushi ba, ba su kuma taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Wata rana a watan Satumba muna shan gahawa a gindin itacen tuffa, sai ga Folke ya ƙetaro shinge yana murmushin da ban yarda da shi ba.

"Shugaba," in ji shi. Haka yake kiran Kawu in ya zo da tsiya. "Ka ji rediyo da safen nan?"

"Ni ina da aikin yi da safe."

"Ai kuwa ka yi asara. 'Yan gidanka aka yi ta zance."

"Waɗanne 'yan gidana?"

Folke ya nuna kududdufi da haɓa. Ya ja kujera ba a ba shi ba, ya ɗauki burodi, ya gutsura, ya tauna a tsanake. Mugun ya san abin da ya riƙo, ba ya son ya ƙare da wuri.

"Wasu masana ne suka bi diddigin yadda ruda ke wuce hunturu ba iska. Ka san sirrin? Barasa, Elof. In iska ta ƙare a ruwa, dattin da zai taru ya kashe ta sai jikinta ya riƙa juya shi yana mayar da shi barasa. Haka take yi har ƙanƙara ta narke. Ba saye take ba, ba roƙo take ba, a gida take dafa abarta."

Inna Majken ta ajiye butar gahawa a hankali.

"Sun ce," Folke ya ci gaba, "da ɗan sanda zai tare kifinka a watan Fabrairu ya miƙo na'urar awon barasa ya ce hura nan, to lasisi ya tafi, sai dai ya koma gida a ƙasa."

"Masanan ina ne?" in ji Kawu.

"Norway."

"To," in ji Kawu, ya ɗauki kofinsa. Mu da 'yan Norway abokan wasa ne, duk abin da ya fito daga can rabinsa muke ɗauka.

Amma washegari Kawu ya sa hular fita ya hau bas zuwa gari, ya shiga laburare. Matar da ke wurin ta nemo masa bayanin ta karanta masa, ya ce ta sake. Ashe ba 'yan Norway kaɗai ba ne, har da Turawan Ingila, kuma an daɗe da sani, shi ne dai labari bai iso wa ba. Ya dawo gida ya wuce ta gefen kududdufi ko kallonsa bai yi ba.

Bayan 'yan kwanaki Inna Majken ta bugo min waya.

"Zo ka ga kawunka. Ya daina gaishe su. Kullum da safe sai ya tsaya ya ce musu an tashi lafiya, yanzu wucewa yake kamar sun ci masa amana. Jiya na ji shi a banɗaki yana cewa, a bayan gidana, a bayan gidana."

Na same shi a rumfar itace yana faskara itacen da aka riga aka faskara.

"Kawu, kifi ne fa."

"Na san kifi ne."

"Ba su san kai ne shugaba ba."

Ya kafa gatari a kututture ya juyo. Na zaci faɗa zai yi, sai na ga fuskarsa a sake, irin ta wanda ya yi dogon tunani ya samu mafita. Ita ce fuskar da Inna Majken ta fi tsoro.

"Ba laifinsu ba ne, Tage. Sau biyu matar nan ta karanta min. Sai iska ta ƙare suke yi. Ka gane? Ba don daɗi ba ne, matsi ne. Ni kuma na bar su cikin matsi duk shekarun nan, ina tsaye a kansu ina wa'azi. Mu a ƙungiya ba ma korar mashayi. Dalilin shan muke cire masa."

"To yaya za ka cire wa kifi dalili?"

"Iska zan ba su. Bana da hankalinsu za su yi hunturu."

Da muka shiga kicin ya maimaita, Inna Majken ta riƙe ƙugu.

"Tsohon nan, tun kakan kakanka suke abinsu a ƙasan ruwa. Ba su taɓa dukan mace ba, ba su taɓa faɗawa rami da mota ba. Ka ƙyale bayin Allah."

Folke kuwa ta kan shinge ya jefo tasa.

"Ka tambaye su ko suna son dainawa? Ai kai da bakinka kake cewa wanda bai yi niyya ba ba a iya masa."

Kawu ko a jikinsa. Ya sayo injin hura iska irin na mutanen birni da ya daɗe yana yi wa dariya, ni aka kira na haɗa. Muka ja wayar wuta daga rumfar itace, muka sa injin a akwatin katako, ya lulluɓe shi da tsohuwar suwaitarsa kada ya ji sanyi. Tiyo ya fito daga akwatin ya shiga ruwa, bakinsa yana ta ɓulɓul da kumfa.

Ƙanƙara ta zo a watan Nuwamba, ta kama gefe-gefe, ta matso tsakiya, ta iso inda kumfa yake ta tsaya. Rami ya zauna baƙi wuluk, faɗin teburin cin abinci, yana tururi da safe. Kawu ya koma gaisuwa. Yanzu ma ba gaisuwa kaɗai ba, har da ƙarfafa gwiwa. Sai ka gan shi ya durƙusa a bakin ramin da filas ɗin gahawa yana cewa, "Makon farko ne mai wuya, ku daure."

A taron Disamba ya miƙe ya ba da labari. 'Yan ƙungiya su bakwai suka rage, ni na takwas in an yi burodi. Da ma wata tsohuwa ta kawo shawarar a warware kifin nan daga tuta, tunda duniya ta ji. Kawu ya ce a dakata. Ya ce jiya kifin nan abin koyi ne bisa kuskure, gobe zai zama abin koyi bisa gaskiya, don wanda ya sha ya daina ya fi wanda bai taɓa gani ba daraja. Suka tafa masa. Ya manta cewa shi kansa yana cikin waɗanda ba su taɓa gani ba, ban kuma tuna masa ba, bakina a cike yake.

Bayan Kirsimeti sanyi ya sauko na gaske, irin wanda gashin hanci ke daskarewa in ka shaƙi iska. Wata safiya na biyo da motata ina share hanyarsu, sai na hangi Kawu da Inna Majken da Folke a bakin kududdufi sun yi cirko-cirko. Na kashe mota na ƙarasa. A kan ƙanƙara, kusa da ramin, ga ɓawon kifi ya watsu yana ƙyalli, ga kai guda ɗaya ba jiki, ga ɗigon jini. Daga nan wasu 'yan sawu biyu-biyu sun miƙe sun bi ta ƙarƙashin shinge.

"Minki ne," in ji Folke.

Kowa a nan ya san minki, ɗan baƙin nan mai dogon jiki kamar tunku, wanda ruwa da tudu duk ɗaya ne a wurinsa.

"Me ya kawo shi?" in ji Kawu. "Bai taɓa zuwa ba."

"Da me zai shiga da? Da guduma? Elof, daga nan har tafkin bayan coci duk wani ruwa ya rufe, ƙorama ma ta daskare. Kai kaɗai ne a yankin nan ka buɗe gidan abinci. Ga ƙofa a buɗe, ga kumfa yana kiran baƙi, ga abincin kwance a ƙasa sanyi ya hana shi gudu. Ni da ni ne shi, har iyalina zan kawo."

Kawu bai ce a kashe inji ba. Cewa ya yi a hana minki shiga. Muka shimfiɗa ragar waya a kan ramin, muka danne gefenta da duwatsu. Minki ya sami inda ƙanƙara ta ɗan zaizaye a gefe ya sulale. Muka gyara nan, ya sami can. Kawu ya aro tarko irin na keji, ya sa kan kifin gishiri a ciki. Da safe muka tarar tarko ya kama, amma magen Folke ce a ciki, ta cinye kan kifin ta cika kejin fam tana harararmu.

"Ita ma ka shigar da ita ƙungiya," in ji Folke yana zaro ta. "Madara kaɗai take sha."

Kawu ya ajiye rediyo a bakin ruwa don muryar mutane ta tsorata shi. Minki ya ci kifinsa yana sauraren hasashen yanayi. Daga nan Kawu ya fito da kujera ya zauna gadi da kansa, tsoho mai shekara saba'in da shida, cikin bargo biyu, da sandar tsintsiya a hannu. Amma ranar hunturu a wurinmu ba ta da tsawo, kafin ka gama abincin rana duhu ya fara. Da Inna Majken ta kira shi ciki, minki ya karɓi aiki. Abin da gadin ya jawo masa tari ne kawai.

Ni ina ta tsokanarsa kamar yadda na saba, har ranar da na daina. Ya aike ni rumfar itace in ɗebo masa na hura wuta. Na ja wani ƙaton gungume daga ƙasa, sai ga su. A bayan itacen, a lungu, minki ya yi rumbu. Kifaye ne jere a daskare, ɗaya kan ɗaya, yawancinsu ko gutsura bai yi ba, cizo ɗaya a wuya ya ajiye. Na yi niyyar mayar da gungumen in yi shiru, sai na ji tarin Kawu a bayana.

Ya durƙusa. Ya ciro su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan hularsa, da hula ta cika ya ci gaba a ƙasa. Ya ɗago wata babba mai tsagaggiyar wutsiya ya riƙe ta a tafinsa.

"Wannan ta girmi motarka," in ji shi.

Na kwashi itacen hura wuta muka koma ciki.

A kicin Inna Majken ta zuba gahawa, ta leƙa taga ta yafito Folke. Ya shigo ya cire takalma ya zauna, bai ce Shugaba ba.

"Elof," in ji ta, "abu biyu ne, ba na uku. Ko su bugu, ko su ƙare."

"Na tsaya gaban jama'a na yi magana, Majken."

"Jama'a! Mutum bakwai, uku ba sa ji."

"Alkawari na ɗauka. Ban taɓa sha ba, ban taɓa saya wa wani ba, ban taɓa zuba wa wani ba. In na kashe injin nan ina sane, da hannuna na zuba musu."

"Da can fa?"

"Da can ban sani ba."

"To yanzu ka sani. Ka kuma san waye ya buɗe wa minki ƙofa. Ka zaɓi wanda za ka iya kwana da shi."

Kawu ya juya cokali a kofin da babu sukari. Can ya ɗago ya dubi Folke, irin kallon da ban taɓa gani tsakaninsu ba.

"In aka rufe yanzu, a tsakiyar hunturu, za su iya? Sun sha tsoro, sun sha kora. Ko na riga na lalata su?"

Folke ya sosa ƙeya. Na ga tsiya ta zo masa har baki ya haɗiye ta.

"Ban sani ba, Elof. Rediyon bai kai nan ba. Ni dai a mutane ban taɓa ganin wanda ya iya ya manta ba."

"Kawu," na ce, "in hannu ne matsalar, ga nawa. Ni ban ɗauki alkawari ba. In je in zare fulogin, kai ka kalli bango."

Ya ɗan yi tunani a kai, har na ga kamar zai yarda. Sai ya girgiza kai.

"Wannan shi ne aiken yaro ya sayo maka. Na sha yin wa'azi a kansa."

Ya miƙe ya sa kwat. Muka bi shi a baya kamar masu rakiyar gawa. Ya shiga rumfar itace, ya tsaya gaban soket ya daɗe, sannan ya miƙa hannu ya zare. Ɓulɓul ɗin da muka saba ji ya ɗauke, bayan gidan ya yi tsit.

Saura rami. In aka bar shi ya daskare da kansa, minki zai fasa ɓawon farko ya ci gaba da harkarsa. Folke ya tuna da wani tsohon ƙyauren banɗaki da ke jingine a bayan gidansa. Muka ɗauko shi ni da shi muka kwantar a kan ramin, muka cusa dusar ƙanƙara a gefe-gefe muka tattake. Inna Majken tana miƙo bokitin ruwa daga kicin, Kawu yana kwarara wa a kai don ya kama. Kafin rana ta faɗi ƙyaure da ƙanƙara sun zama abu ɗaya.

Folke ya ja da baya ya duba aikin. Haƙurinsa ya ƙare.

"Na ga mashaya iri-iri a duniya, Shugaba, amma ban taɓa ganin wadda mai ita ya kulle ƙofa da mutane a ciki ya ce sai Afrilu ba."

"Tafi gida, Folke."

"Na tafi. In ka ji waƙa daga ƙasa, kada ka kira 'yan sanda."

A taron da ya biyo baya Kawu ya miƙe ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba, ya ce ya ajiye shugabanci. Aka nemi wanda zai karɓa, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Mai shugabanci shi ke zuwa da wuri ya kunna abin ɗumama zaure, shi ke share ƙofa. Da gahawa ta huce, suka sake zaɓensa baki ɗaya.

Minki ya zo ya zagaya, ya shinshina ƙyauren, ya bar kashinsa a kai don a san ra'ayinsa, daga baya sawunsa ya ɓace. Sauran hunturun jira ne. Babu abin gani, fari ne shimfiɗe kamar ba a taɓa haƙa komai a wurin ba. Kawu ba ya gaisuwa, ba ya kuma wucewa. Sai ya zo ya tsaya, hannu a aljihu, ya daɗe, ya koma. Duk lokacin da na biyo da motata yakan fito ya ɗaga min hannu in rage gudu, wai girgizar ƙasa tana isa ruwan. Inna Majken ta ce abincinsa ya koma rabi. Ko akwai mai rai a ƙasa, ko duk sun zama laka, babu wanda ya sani, ba kuma wanda za a tambaya.

Afrilu ya shigo, ƙanƙara ta yi toka-toka, ta tsage, ta janye daga gefe. Ƙyauren banɗakin Folke ya taso yana yawo a kan ruwa, muka jawo shi da manjagara. Ruwan baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ganye. Ba motsi. Washegari ma haka. Kawu ya ce wa Inna Majken in mako ya fita ba komai, zai sa in kawo ƙasa a cike wurin ta shuka furanni. Ta ce ita ba ta ce tana son furanni ba.

Ranar Asabar da hantsi na tsaya a gidansu, rana ta fito sosai ta bugi gefen kududdufi na arewa. Na tarar da shi durƙushe a wurin, gwiwoyinsa cikin taɓo. Na matso na leƙa ta kafaɗarsa. A inda ruwa ya yi ɗumi, ƙasa-ƙasa, wani abu mai ruwan tagulla ya juya. Sai wani a gefensa. Sai wasu 'yan ƙanana a baya, ramammu, suna tafiya a karkace kamar ba su tabbatar da inda sama take ba. Ba su da yawa. Amma ga su nan.

"Inna!" na ƙwala kira. "Folke! Ku fito, mashayan sun tashi!"

Kawu ya damƙi ƙafar wandona ya ja, idonsa bai bar ruwan ba. Da ɗaya hannun yana marmasa dafaffen dankali ƙanana-ƙanana, yana sakawa a hankali don kada ruwa ya motsa.

"Rage murya, Tage," in ji shi cikin raɗa. "Bayan irin wannan sha, ba ka san ciwon kan da suka tashi da shi ba."